Mudu Ɗaya Muke Nema

Mu Hausawan Kolombus, babban birnin jihar Ohayo a Amurka, ba mu da yawa, amma daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Janairu hayaniyarmu ta ranar Asabar ta ishi unguwa guda. A cikinmu akwai ɗan Kano da karatu ya kawo shi ya zauna, akwai ɗan Maraɗi mai tuƙa babbar mota, akwai 'yan zangon Kumasi da na Nima da suka riga mu sanin gari, akwai matanmu masu aikin jinya da dare, ga kuma 'ya'yanmu haifaffun nan da ke mana tafinta idan mai sharhi ya yi sauri. Kowannenmu da kulob ɗinsa na Ingila ko Sifaniya ya sauka a ƙasar nan. Sai dai garin ba ya barin baƙo ya zauna a gefe. Ranar da ƙungiyar Jami'ar Jihar Ohayo za ta buga ƙwallon Amurka, mai kanti da jar riga, direban bas da jar hula, maƙwabci ya kafa jar tuta a ƙofar gida, filin wasan kuma ya cika da mutum fiye da 100,000. Tun muna tambayar me ya sa ake ta tsayawa ana sake jeruwa, har ga shi yau daga kan kujera muke gyara wa alƙali hukunci.

Gidan da ya fi faɗin falo nan ake haɗuwa. Wani ya zo da tsire, wani da fulas ɗin shayi, 'yan Gana su zo da wake da shinkafa da yajinsu mai mai. Idan lokacin salla ya shiga sai a tsayar da hoton, a ja kunnen kowa kada ya leƙa waya, a idar a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Komai lafiya lau yake tafiya har sai an yi karo mai ƙarfi a fili. Nan take falo ya rabu biyu, wasu na ihun "Ina ƙyallen?", wasu na cewa "Wallahi bai taɓa kansa ba!" Ɗan ƙyallen nan mai ruwan ɗorawa da alƙali ke jefawa idan an yi laifi, babu abin da ya kai shi haddasa gardama a gidajenmu.

Laifin da ke tada mana jijiyar wuya shi ne tagetin, wato auna kai. A takarda ba shi da wuyar ganewa, iri biyu ne. Na farko, ɗan wasa ya sunkuyar da kai ya soki abokin karawa da tsakiyar hular kwanonsa, ko a ina ne a jiki. Na biyu, ya kai wa kai ko wuyan wanda ba ya cikin halin kare kansa bugu mai ƙarfi, da hula ne ko kafaɗa ko dantse ko gwiwar hannu, kamar mai jifa da ya saki ƙwallo yanzu-yanzu, ko mai cafewa da idonsa ke sama. A 2008 aka shigo da dokar, hukuncinta asarar yadi 15. A 2013 aka tsananta ta, aka ce duk wanda aka kama a kore shi daga wasan, in kuwa bayan hutun rabin lokaci ne, ya ƙara da rasa rabin farko na wasan gaba. A 2016 aka ba alƙalin bidiyo ikon tsayar da wasa ya kamo laifin da na fili ba su gani ba. A 2019 aka ce wajibi ne bidiyo ya tabbatar da kowane sharaɗi na laifin, in ba haka ba a soke. A 2022 aka buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara kan dakatarwar wasan gaba. Gyara kan gyara ke nan, amma har yau idan alƙali ya nufi wajen duba bidiyo, babu wanda ya isa ya rantse a falonmu kan abin da zai dawo ya faɗa.

Darare biyu ne ba ma gajiya da maimaita labarinsu. Na farko 28 ga Disamba 2019, wasan kusa da na ƙarshe na neman kofin ƙasa, mu da Clemson a jihar Arizona. Muna gaba da ci 16, su ko ɗaya ba su da shi, sai Shaun Wade ya kutsa ya kayar da mai jifansu Trevor Lawrence. Alƙalan fili ba wanda ya jefa ƙyalle. Daga ɗakin bidiyo aka tsayar da wasa, aka duba, aka ce hular Wade ta sami ta Lawrence, aka kore shi. Clemson da ya kamata su miƙa ƙwallo sai suka sami sabuwar dama, kafin a tafi hutu ci ya koma 16 da 14. Bayan an dawo, Jeff Okudah, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fizge ƙwallo daga hannun Justyn Ross, Jordan Fuller ya ɗauka ya ruga har gidan maki. Muna cikin murna bidiyo ya sake magana, wai Ross bai gama riƙe ƙwallon ba tun farko, aka soke makin. Aka tashi 29 da 23, Clemson ta wuce.

Na biyu daren shiga sabuwar shekara, 31 ga Disamba 2022, a Atlanta, mu da Jojiya, shi ma wasan kusa da na ƙarshe. Marvin Harrison ƙarami ya riga ya ci sau biyu, muna gaba da 35 da 24. Ya ɗaga ido yana jiran ƙwallo a ƙarshen gidan maki, Javon Bullard ya taho a guje ya buge shi, yaron ya kwanta. Wannan karon alƙalin fili ya jefa ƙyalle, bidiyo ne ya ce babu laifi, a ɗauke. Harrison bai sake shiga ba, likitoci suka riƙe shi saboda girgizar ƙwaƙwalwa. Jojiya ta farfaɗo ta ci 42 da 41, bugun da zai cece mu kuma ya kauce daidai lokacin da agogo ke buga sha biyun dare. To, ku auna mana. Wanda ya bugi yaron da ya miƙe ya ƙarasa wasansa an kore shi, wanda ya bugi yaron da bai iya komawa fili ba an ce ya ci gaba. Masana doka za su ce ba raunin ake hukuntawa ba, yanayin bugun ake dubawa, kuma gaskiya ne haka dokar take. Amma ɗan kallo da ya ga biyun da idonsa ba a hana shi tambaya.

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. Ranar 1 ga Janairu 2025 mun zauna kallon Teksas da Jami'ar Jihar Arizona, wasan da babu namu a ciki. Ana 24 da 24, saura kamar minti ɗaya, Michael Taaffe na Teksas ya bugi Melquan Stovall hula da hula bayan ya cafe ƙwallo. Aka duba bidiyo, aka ce ba laifi. Da an kama, da 'yan Arizona sun matsa yadi 15 zuwa inda za su iya neman bugun nasara. Teksas ta ci 39 da 31 bayan ƙarin lokaci sau biyu. Ranar nan falonmu bai rabu ba, baki ɗaya muka ce wannan ai shi ne abin da aka kori Wade a kansa. Brett Yormark ma, shugaban Big 12, rukunin jami'o'in da 'yan Arizona ke ciki, ya fito ya nemi a samar da ma'auni ɗaya na ƙasa baki ɗaya.

Wani dattijonmu da ya yi shekaru yana awon hatsi a kasuwar Dawanau kafin ya zo ƙasar nan, shi ya faɗi maganar da ta zauna mana. Ya ce, "Ku yara, ba tsadar hatsi ke kawo faɗa a kasuwa ba. Abin da ke kawo faɗa shi ne a cika wa wannan mudu har yana zuba, a zo kan wancan a shafe masa baki." Muka ce, "Baba, ka gama magana." Ƙorafinmu ke nan gaba ɗaya. Tsananin doka ba ya damunmu in dai kowa za a yi wa.

Idan aka bi diddigi, dalilin bambancin awon a fili yake. Ƙwallon jami'o'i ba shi da hukuma ɗaya mai ɗaukar alƙalai ta biya su ta hukunta su. Littafin doka ɗaya ne, na NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, akwai kuma jami'i mai daidaita harkar alƙalanci na ƙasa, amma kowane rukunin jami'o'i da nasa alƙalan: Big Ten da muke ciki da nata, SEC ta kudu da nata, ACC da Big 12 kowacce da nata, kowacce da shugaban alƙalanta da yadda yake karantar da mutanensa. Yaro zai shafe wata uku yana wasa a hannun alƙalan rukuninsu, ya saba da abin da suke kamawa da abin da suke bari, ranar babban wasa kuma a kawo alƙalan wani rukunin don kada a ce an yi son kai. Wasanmu da Clemson na 2019 alƙalan SEC ne suka hura shi. Ga shi mafi yawan mutanen nan ba wannan ne kaɗai aikinsu ba, wani lauya ne, wani malamin makaranta, wani ɗan kasuwa, ƙarshen mako su sa riga mai ratsin baƙi da fari. Su takwas ne a fili suna lura da ƙarti 22, karon kuwa kafin ƙiftawar ido ya auku. Mai cafewa kan sunkuya a daƙiƙar ƙarshe, kafaɗar da aka nufi ƙirjinsa da ita ta sauka a kansa. Bidiyo ya zo ya rage gudun hoto, abin da ya faru ba shiri ya koma kamar an daɗe ana ƙulla shi. Sannan a ce mutum ya tantance ko bugun "mai ƙarfi" ne, alhali ƙarfi ba shi da sikeli.

Sai dai fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ranar 1 ga Janairu 2021 mun sake haɗuwa da Clemson a New Orleans. James Skalski ya sunkuyar da kai ya soki mai jifanmu Justin Fields a haƙarƙari da tsakiyar hula, aka duba bidiyo aka kore shi. Bakunan da shekara ɗaya kafin nan ke cewa dokar ta lalata wasa, a daren nan cewa suke yi Allah ya yi wa mai dokar albarka. Muka ci 49 da 28, ba wanda ya tuna da tausayin Skalski. Haka muke, kuma haka magoya bayan kowace jami'a suke: launin riga muke fara dubawa kafin mu dubi inda hula ta sauka. Wanda ke neman alƙali ya riƙe mudu ɗaya, ya kamata a sami ɗayan a hannunsa shi ma.

Akwai kuma inda fushi ke wuce gona da iri. Ranar 19 ga Oktoba 2024, a gidan Teksas, alƙalai suka soke ƙwallon da Jahdae Barron ya tare daga hannun Jojiya, ɗalibai suka yi ta jifa da robobin ruwa har wasa ya tsaya. Cikin wannan tsaikon alƙalan suka sake shawara suka janye hukuncin. Rukunin SEC ya ci jami'ar tarar dala 250,000, amma darasin da matasa suka ɗauka shi ne jifa na sa alƙali ya sauya magana. Mako guda bayan haka, a nan Kolombus, aka kori ɗan wasanmu Arvell Reese kan auna kan ɗan Nebraska, sai ga robobi na sauka a filinmu. Daga baya aka ɗaukaka ƙara, hukumar NCAA ta ce korar ba ta dace ba, aka ɗage masa dakatarwa. Kun ga hanyar ƙa'ida ta yi aikinta ba tare da roba ko ɗaya ba. A falonmu mun yi ittifaƙi cewa duk ɗanmu da ya je filin nan ya jefa wani abu, ya zubar da mutuncin gidansu.

Mai dawo da mu hayyacinmu idan gardama ta yi zafi ita ce wata Hajiyarmu, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ga abin da bugun kai ke yi wa mutum a gadon asibiti. Duk ranar da wani ya ce a soke dokar nan a bar maza su yi wasa, sai ta ajiye faranti ta ce, "Malam, ɗan wa kake so a bari a fasa wa kai? Naka ko nawa?" Daga nan kowa ya yi tsit, don kusan kowane gida cikinmu akwai yaro mai buga wa makarantar sakandarensu ranar Juma'a da dare, wasu ma har suna mafarkin jami'a ta ɗauke su karatu kyauta ta wannan hanya.

Tarihin wasan ma yana bayan Hajiya. A kakar 1905 'yan wasa aƙalla 18 ne suka mutu, na sakandare da na jami'a, a kakar nan ne kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce a gyara. Daga wannan rikicin aka kafa ƙungiyar da a 1910 ta ɗauki sunan NCAA. Wato hukumar kanta don kare rayukan ɗalibai aka haife ta. A 1976 aka haramta sukar mutum da kai, karyewar wuya ta ragu sosai. Duk da haka ranar 16 ga Oktoba 2010 Eric LeGrand na Rutgers ya je tare mai gudu da ƙwallo a wasansu da makarantar sojan ƙasa, kansa ya bugi jikin wancan, ƙashin wuyansa ya karye, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Shi ne mai bugun, ba shi aka buga ba. Irin wannan ne ya sa dokar tsakiyar hula ba ta tambayar inda aka soka, domin mai sunkuyar da kan shi ne farkon wanda ake tsoron ya nakasa.

Wani abin alfahari gare mu shi ne ɗan Najeriya ne ya buɗe wa Amurkawa ido kan ɓarnar da ba ta bayyana sai bayan shekaru. Dakta Bennet Omalu, likitan binciken gawa daga jihar Anambara, shi ya bincika ƙwaƙwalwar Mike Webster a Pittsburgh a 2002, tsohon ƙwararren ɗan wasa da ya rasu yana da shekara 50, ya gano cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da yawan bugun kai ke jawowa, wadda ake taƙaita sunanta da CTE. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka ba da rahoton cewa cikin ƙwaƙwale 53 na waɗanda wasansu ya tsaya a matakin jami'a, 48 na ɗauke da ita. Iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da ƙwaƙwalen, don haka ba a cewa haka adadin yake ga kowa da kowa. Amma 48 ɗin nan 'ya'yan wasu ne, kuma ba su taɓa cin albashin ƙwararru ba.

Shi ya sa rashin daidaito ya fi mana ciwo a nan fiye da kowane hukunci. Idan aka yi kuskure kan inda ƙwallo ya tsaya, maki ne ya tafi. Idan dokar kare kai ce ake kamawa yau a saki gobe, yaro ba ya sanin abin da zai koya, koci ba ya sanin abin da zai koyar, ɗan kallo kuma ya fara ganin dokar a matsayin makamin da ake kayar da ƙungiyarsa da shi. Ba alƙalai kaɗai ke da hannu ba. A Satumban 2014 abokan hamayyarmu na Mishigan sun bar mai jifansu Shane Morris a fili yana tangaɗi bayan an buge shi a kai, har ɗalibai suka yi zanga-zanga. A ɗaya gefen kuma ga masu sa yara su zube ƙasa da ciwon ƙarya don a tsayar da agogo, abin da ya yi yawa har a 2025 aka yi doka cewa idan masu jinya suka shigo bayan an ajiye ƙwallo don ci gaba, ƙungiyar za ta rasa ɗaya daga hutun da take da ikon nema. Ciwon ƙarya na sa a yi wa mai ciwon gaske ihu, wannan kuwa zalunci ne.

Abin da muke nema ba shi da yawa. A haɗa horar da alƙalai da duba bidiyo a hannun hukuma ɗaya, yadda abin da ya zama laifi a Ohayo zai zama laifi a Alabama. A bar mu mu ji abin da alƙalin fili da na bidiyo ke faɗa wa juna, kamar yadda rukunin ACC ya fara a wasu wasanninsa a 2025, domin zargi a duhu yake girma. A sake duba shawarar da ƙungiyar masu horarwa ta kawo a 2019, ta raba laifin gida biyu: wanda ya auku ba da niyya ba a ci shi yadi 15, wanda ya ɗauki kansa ya mai da shi makami a kore shi ba sassauci. Idan kuma an yi kuskure, a fito washegari a faɗa da baki, a gaya mana matakin da aka ɗauka.

Mu ma da namu aikin. 'Yan uwa, idan aka sake nuna karo a hankali, mu dubi kai da wuya kafin mu dubi riga, kuma ranar da namu ne ya sunkuyar da kai mu yarda a kore shi. Duk mai yaro a wannan wasa ya zaunar da shi ya gaya masa: ɗaga kanka ka ga wanda za ka tare, in ka ji jiri ko ciwon kai bayan karo ka faɗa wa koci da mahaifiyarka, kada ka ɓoye don tsoron rasa gurbi. Mu ci gaba da neman a gyara awo da babbar murya, amma kada bakin ɗayanmu ya sake cewa a soke dokar. Allah ya tsare mana yaranmu, namu da na abokan hamayya.